Yadda Ake Yin 'Yan Kunnen Sallah Da Naɗaɗɗiyar Takarda

Ranar ƙaramar Sallah, duk wadda ta ga 'yan kunnen ƙanwata sai ta kai hannu ta taɓa, don ba ta yarda takarda ce ba. Jinjirin wata ne ruwan gwal, da ɗan farin tauraro yana lilo a ƙarƙashinsa. Aikin naɗa takarda ya daɗe a duniya. Ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mata masu zaman ibada a gidajen coci na Faransa da Italiya sukan yanke gefen littattafai mai ruwan zinariya, su naɗe shi a jikin gashin tsuntsu su yi ado da shi. A ƙarni na 18 matan masu hali a Ingila suka mayar da shi abin ɗebe kewa.

Ki tanadi takarda mai launi, farin gam irin na kafintoci, tsinken sakace, reza, rula, ƙaramar filaya da janfarce marar launi. Ƙugiyar ɗan kunne da ƙananan zobban haɗi kuwa, ki nema wajen masu sayar da duwatsun ado.

Da farko ki yanka takardar sili-sili. Takardar A4 tsawonta santimita 29.7 ne, to ki bi tsawon nan, faɗin kowane sili milimita 3. Ki ɗora rula ki ja reza sau ɗaya. Almakashi yana karkacewa, kuma sili ɗaya in ya fi 'yan uwansa faɗi, zai tsaya zaƙo-zaƙo a fuskar ɗan kunnen.

Sai ki tsaga bakin tsinken kaɗan da reza, ki saƙala kan silin a tsagar, ki riƙa murza tsinken kina tallafe takardar da ɗan yatsa don gefunan su daidaita. Domin wata, ki liƙa sili biyu su zama ɗaya mai tsawo kafin ki naɗa. Idan kin kai ƙarshe ki zare tsinken a hankali, ki ajiye naɗin ya saki jiki.

A nan ake samun matsala. Kunne biyu gare mu, kuma ido yana saurin gane ɗan kunnen da ya fi ɗan uwansa. Don haka ki zana da'ira mai faɗin santimita 2 a jikin kwali, ki bar kowane naɗi ya buɗe har ya cika ta, sannan ki liƙe bakinsa. Gam kuma ɗigo ɗaya a kan tsinke ya isa. In ya yi yawa sai takardar ta jiƙe ta yamutse. Ni ba na gama ƙafa ɗaya sannan na koma ɗayar. Tare nake tafiya da su, mataki-mataki, hannuna bai manta ƙarfin da ya sa ba.

Yanzu ki matse gefe biyu na da'irar da yatsu ta zama kamar ido, sai ki tura tsakiyarta ciki da babban yatsa, kina lanƙwasa ƙahonnin biyu. Wata ya fito ke nan. Ki zagaye shi da wani sili sau biyu ko uku don ya yi ƙwari.

Tauraro ya fi sauƙi: ki raba sili biyu, kowanne kashi uku, ki naɗa ƙanana guda biyar daga ciki, ki matse kowanne ta gefe ɗaya ya yi tsini, ki haɗa gindinsu da gam, tsinin yana waje. Ki kuma yi ƴan mitsitsin naɗi masu tauri, waɗanda ba a bari su saki ba, ki liƙa ɗaya a saman wata, ɗaya a ƙasansa, ɗaya a kan tauraro. Ta ramukansu zobban za su shiga.

Kada ki yi gaggawar sa ƙugiya. Na taɓa ba wata yarinya 'yan kunnen da na yi ban shafe su da komai ba, tana shafar kunne wajen alwalar Azahar watan ya yi laushi, launin ya zuba a mayafinta. Abin ya dame ni ƙwarai, don ta yi ta murna da su tun safe. Tun daga ranar nake fara shafa musu gam da aka ɗan sirka da ruwa, in bar su su kwana, sannan janfarce shafi biyu, gaba da baya har cikin lunguna, ina jira na farko ya bushe sarai. Da damina ki ƙara musu yini guda. Ko da hakan, zufa da yayyafi kawai za su jure, a cire su kafin wanka.

Bayan sun bushe, ki buɗe zobe da filaya ta hanyar murɗa shi gefe, kada ki wage shi, ki haɗa tauraro da wata, wata da ƙugiya. Ba su da nauyi ko kaɗan, shi ya sa nake son su a kunnen yara.

In Sallah ta wuce, launi da siffa kawai za ki sauya: kore, fari, kore don 1 ga Oktoba, ko ruwan lemo, fari da kore don 3 ga Agusta a Nijar. Ki adana su a gwangwani mai murfi, nesa da rana, don kada launin ya koɗe.