Hutu a tsibiri mai nisa: kurakuran da mutanenmu suka fi yi, da yadda za a gyara

Da zarar an gama kaka, an kai riɗi Maigatari ko Dawanau, an sayar da shinkafar Kura da ta Auyo, akan sami matasan 'yan kasuwa da sababbin angwaye masu son su je su ga teku. Ba Dubai suke so ba. Tsibiri suke nema, inda babu hayaniya, ga farin rairayi, ga ruwa garau da mutum zai nutsa ya kalli kifaye da murjani. Wannan ba laifi ba ne. Sai dai shirun da ake biya da tsada haka, nisa ne yake kawo shi, nisa kuwa ya haɗa da nisa da asibiti da banki da filin jirgi.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne zaɓen wuri daga hoto. Mai hoto bai faɗi watan da ya ɗauka ba. A Zanzibar da Pemba da Mafiya, tsibiran Tanzaniya, babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, wato daidai lokacin da mu muke fama da zafin bazara muna neman wurin gudu. Ruwa ya yi ta sauka, teku ta gurɓace, wasu masaukai ma su rufe. Farashi yakan faɗi a watannin, shi ya sa tallar take da daɗin ji. A Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, rani daga Disamba zuwa Afrilu ne. Sa'ar da muka yi ita ce bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannu kuma gona ta huta, ya dace da kyakkyawan yanayi a can. Mai son ganin ƙaton kifin nan mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, zai same shi a gaɓar Mafiya tsakanin Oktoba da Fabrairu.

Hoto kuma ba ya nuna janyewar teku. A gabashin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani, ruwa yakan ja baya da nisa sau biyu a yini, ya bar fili sai ciyawar teku da matan da ke nomanta. Wanda ya kama ɗaki can don iyo sai ya zauna jiran ruwa. A Nungwi da Kendwa, can arewa, ana iyo kusan kowane lokaci, amma can ne cunkoso da kiɗa har dare. Tambayi mai masauki kai tsaye: in ruwa ya janye, ana iya iyo a gabanku?

Sai batun “ai na iya ruwa”. A nan zan daɗe, don a nan ake rasa rai.

Yaron da ya tashi a gefen madatsar Tiga ko Challawa, ko a bakin kogin Haɗejiya, ya iya nutso ƙwarai: ya ja numfashi, ya riƙe, ya nutsa, ya taso. Wannan ƙwarewar ce za ta cuce shi ranar da aka goya masa tukunyar iska, wadda masu nutso ke numfashi da ita a ƙarƙashin ruwa. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na tudu sau biyu. Iskar da ka shaƙa daga tukunya a can ƙasa a matse take. In ka riƙe ta ka taso, za ta kumbura ta ninka a cikin huhu, huhun kuma yana iya yagewa. Don haka dokar farko ga mai tukunya ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, kishiyar abin da jikinsa ya saba tun yarinta. Ta biyu, tasowa a hankali. Wani sinadari na iskar da muke shaƙa, naitirojin, yana narkewa cikin jini a zurfi, in an taso da gaggawa sai ya zama kumfa a jijiyoyi da gaɓoɓi. Ciwon gaɓoɓi ke nan, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Maganinsa wani ɗaki ne na musamman da ake sa mutum a ƙara masa matsin iska, kuma ƙananan tsibirai da yawa ba su da shi. Kafin ka biya ko sisi, tambayi masu kai nutso ina ɗakin nan mafi kusa yake, awa nawa ake yi kafin a kai mutum, kuma ko suna ɗauke da iskar ceto a cikin kwalekwalensu. Wanda ya yi ta kame-kame wajen amsa, bar shi.

Gyaran shi ne koyo, ba gajeriyar hanya. Kwas ɗin farko na PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke koyar da nutso suna ba da shaida, yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4, a ba ka shaidar da iyakarta mita 18. Kafin a ba ka sai ka yi iyon mita 200, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Wannan ɓangaren ana iya gyara shi tun daga gida, a wurin iyo na wani otal a Kano. Wanda bai da kwanakin nan ya yi na ɗanɗano, malami na riƙe da shi, ba a wuce mita 12 ba. Ni a ganina ma, yawancin masu zuwa karon farko ba tukunya suke bukata ba. Gilashin fuska da bututun numfashi da rigar ceto sun isa mutum ya kwanta a saman ruwa ya ga abin da zai daɗe yana ba da labari, kuɗinsa kuma bai kai rabi ba.

Wani kuskuren da ke biye da wannan: tafiya wurin ƙwararru alhali mutum ɗan koyo ne. Pemba ta yi suna wajen nutso saboda gangaren murjani masu zurfi, amma ruwan mashiginta yana ja da ƙarfi. Sabon shiga ya fi dacewa da wuri mai lumana kamar Chole a Mafiya, inda ƙasa ta kewaye ruwan, cikin yankin tekun da gwamnati ta keɓe tun 1995. Akwai kuɗin shiga da ake biya kowace rana, a sa shi cikin lissafi.

Akwai takardar lafiya da ake cikewa kafin nutso, mutanenmu kuma sun iya rubuta “lafiya lau” don kada a hana su. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, magana ta ƙare, kuma mun san yawan masu ita a cikinmu. Mai ciki ma haka. Mai asma, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, ko hawan jini, ya ga likita tun yana gida. Ko mura ce ta kama ka, haƙura da ranar, don toshewar hanci tana hana kunne daidaitawa da matsin ruwa. Mai azumi kuma ya sani ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin ciwon kumfar nan, gara a ɗage tafiyar zuwa bayan Salla.

Takardu kuwa, a taƙaice. Katin rigakafin shawara ya zama yana cikin fasfo. Bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya ba a filin jirgi ake karɓarta ba, sai an nema tun da wuri an jira amincewa, abin da kan ɗauki makonni. Kada ka yanki tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta tun Oktoban 2024, amma wannan ba ta ɗauke maka neman wadda ta ambaci nutso da ɗaukar majinyaci a jirgi ba. Maldibs tana ba da izinin kwana 30 kyauta a filin jirgi, ga wanda ya nuna tikitin dawowa da masaukin da ya kama.

Kusa a taswira ma ba kusa ba ne a hanya. Sao Tome da Principe suna nan kudu da mu a mashigin tekun Gini, da daji da rairayi ba kowa, amma yawanci sai an zaga ta wata ƙasa kafin a isa, harshensu Fotugis ne, naman halal kuma sai an nema, ko da yake kifi ya wadata. Zanzibar da take can gabashin Afirka ta fi sauƙin zuwa, daga Kano a sauka Adis Ababa a canja jirgi.

Magidanci mai tafiya da iyali ya duba irin tsibirin da kyau. Maldibs ƙasar Musulmi ce mai tsibirai kusan 1,200, sai dai waɗanda baƙi ke sauka a cikinsu iri biyu ne. Akwai waɗanda otal guda ya mallake, da giya da shigar Turawa da tsada mai tayar da hankali. Akwai na mazauna, inda aka halatta buɗe gidajen baƙi tun 2009: ga masallaci, babu giya, an keɓe wa Turawa gefensu na wanka. Na biyun ya fi dacewa da Hajiya da kuma aljihu. Pemba ma haka take, garin masu noman kanumfari ne da ake jin kiran salla ko'ina. Kayan nutso suna rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, ana kuma iya neman malama mace in an tambaya tun kafin zuwa.

Kuɗi: kada ka dogara da katin naira, kada kuma ka zaci akwai na'urar cirar kuɗi a ƙauyen masunta. Riƙe dala sababbi marasa yagewa, ka canja kuɗin ƙasar tun a babban gari. Ƙananan jiragen da ke zuwa Pemba da Mafiya ba sa ɗaukar fiye da kilo 15 zuwa 20 ga mutum, a rage akwatunan tsaraba.

Lissafin dawowa shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Jirgin fito na ƙaramin tsibiri kamar motar ranar kasuwa yake a ƙauyukanmu, in ta wuce ka sai wata ranar. A Maldibs yawancin jiragen fito na gwamnati ba sa aiki ranar Juma'a, jiragen saman da ke sauka kan ruwa kuma da rana kawai suke tashi, iska ma tana iya tsayar da komai. Ka dawo babban gari kwana guda kafin jirginka na gida. Wannan kwanan zai kuma biya maka wata bukata: ba a hawa jirgin sama nan take bayan nutso da tukunya, don raguwar matsi a sama tana tayar da kumfar da ke jini. Ƙa'ida ita ce awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, masu koyarwa da dama kuma cewa suke a cika 24. Ɗan ƙaramin jirgin da zai fito da kai daga tsibirin ma yana cikin wannan lissafi.