Komawa aikin reluwe bayan shekaru: kurakuran da tsofaffin hannu suka fi yi

Masu komawa aikin reluwe iri-iri ne. Wasu direbobi ne a da, ido ko shekaru suka sauko da su daga kan jirgi. Wasu dama can a tasha ko a ɗakin sigina suka yi aiki, rayuwa ta kai su wata sana'a. Yanzu suna neman kujerar shugaban tasha, ko mai ba da sigina, ko mai haɗa taragu a yadi (filin da ake jera taragu), ko kwandasta, ko mai tsara zirga-zirgar jirage. Kamfanoni na maraba da irinsu, don da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai abin da ya fi kayar da mai komawa shi ne tsohon sanin da ya riƙe a ka bai sake dubawa ba.

Babban kuskuren ke nan: "Ai na san aikin." Littafin ƙa'idojin reluwe ba ya zama wuri ɗaya. A Birtaniya, alal misali, sau biyu a shekara ake shigar da gyare-gyare a cikinsa. Ka ƙiyasta yawan gyaran da ya wuce ka idan ka shekara goma ba ka nan. Sabon ɗauka ya san bai sani ba, don haka yana tambaya. Kai kuwa hannunka zai kai ga abin da ya saba kafin tunaninka ya iso, kuma mai yiwuwa an soke wannan hanyar tuntuni saboda wani hatsari da ba ka ji labarinsa ba. Gyaran shi ne ka karɓi sabon littafin ka karanta daga bango zuwa bango, ba iya shafukan da aka ce maka sun canza ba. Ka ajiye takarda a gefe, duk inda ka ji zuciyarka ta ce "ba haka muke yi ba", ka rubuta wurin. Wannan takardar ita ce jerin wuraren da za ka iya yin ɓarna, ita za ka kai wa mai horar da kai. Kada ka nemi a rage maka kwanakin horo saboda tsohuwar takardar ƙwarewarka. Irin waɗannan takardu wa'adi gare su, kuma naka ya daɗe da cika.

Abin da ya faru a Tempi ta ƙasar Girka ranar 28 ga Fabrairu, 2023 ya isa a tsaya a kansa. Jirgin fasinja da na kaya suka yi taho-mu-gama a kan layi ɗaya, mutum 57 suka rasu. Wanda ke kula da tashar Larissa a daren tsohon ma'aikacin reluwe ne da ya shafe shekaru a wata ma'aikatar gwamnati, ya dawo, aka ba shi horo na 'yan watanni aka ɗora shi a kujerar. Bincike bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya nuna ƙarancin ma'aikata da na'urorin kariya da ba sa aiki. Amma mai komawa ya ɗauki nasa darasin: idan ba ka shirya a bar ka kai kaɗai ba, ka faɗa da bakinka, ka nemi ƙarin kwanaki tare da wani. Babu abin kunya a ciki.

Kuskure na biyu ya fi kama tsofaffin direbobi, wato ganin aikin ƙasa kamar saukar da daraja ne, wurin hutawa kafin ritaya. Direba sigina yake bi, siginar kuwa wani ne ya haɗa wayoyinta, wani ne ya ba da ita. A Clapham Junction da ke Landan, a watan Disamba na 1988, tsohuwar waya ɗaya da ma'aikacin sigina ya bari bai yanke ba, bai kuma naɗe bakinta ba, ita ta sa fitila ta nuna hanya a buɗe alhali akwai jirgi a gaba. Jirage suka yi karo, mutum 35 suka mutu. An gano cewa ma'aikacin ya yi mako 13 yana aiki kusan kullum, kuma ba wanda ya bi bayan aikinsa ya duba. Wanda ya shiga ɗakin sigina ko yadi da tunanin nauyi ya ragu, tun ranar farko ya fara da ƙafar hagu.

Sai gwajin lafiya. Mutane na zaton tunda ba tuƙi za su yi ba, ba za a tsananta ba. Duk aikin da ya shafi motsin jirgi ko shiga layin dogo ana duba gani, da ji, da bambance launi, musamman ja da kore, ta hanyar wani littafi mai ɗigo-ɗigo da lambobi a ɓoye. Ana auna hawan jini da sukari, ana gwajin barasa da ƙwayoyi. Ka je ka duba kanka tun kafin ka cike takarda. Tabarau ko maganin hawan jini kan warware abin da zai iya jinkirta ka. Kuma kada ka ɓoye maganin da kake sha. Wasu magungunan mura da na ciwon jiki na sa gyangyaɗi, wasu na fitowa a gwaji. Wanda ya faɗa tun farko ana iya nema masa mafita, wanda aka gano daga baya kuwa amana ce ta zube.

Layin ma kansa ya sauya. Inda ka bari da injin dizal da ake jin rurinsa daga nesa, mai yiwuwa yanzu wayar lantarki mai ƙarfin bolt 25,000 ce a sama, wadda ba sai ka taɓa ta ba, kusantarta kawai ya isa. Jirgin lantarki ba shi da hayaniya kamar na dizal. Mai gudun kilomita 160 a awa yana cin mita 44 a kowace daƙiƙa, don haka tsohuwar ɗabi'ar "zan ji zuwansa" ba ta da wuri. A layuka da yawa rediyon GSM-R, wanda direba ke magana da ɗakin sigina ta cikinsa, ya maye gurbin wayar tarhon da ke jikin sandar sigina, wasu wuraren ma siginar a allon gaban direba take fitowa. Idan kwamfuta na ba ka wuya, ka fara koyo tun yanzu a gida, don rahoton matsala da jadawalin aiki duk sun koma cikinta.

Maganar rediyo na da nata tsari: ka faɗi ko kai wane ne da inda kake, ka tabbatar da wa kake magana, ka karanta lambobi ɗaya bayan ɗaya, ka maimaita saƙon da aka ba ka. Tsofaffin hannu su suka fi yanke wannan, saboda suna ganin sun fahimci juna. A galibin wurare ana naɗar maganganun, ana kuma saurare.

A wajen ganawar ɗaukar aiki, kada ka cika su da "a zamaninmu". Bayanin shekarun da ka yi a waje jimla biyu ta ishe shi. Abin da suke son ji shi ne lokacin da ka tsayar da aiki saboda ka ga hatsari, da yadda ka yi da wanda ya matsa maka ka karya ƙa'ida. Ka kuma shirya zuciyarka: wanda ka koya wa aiki a da yana iya zama shugabanka yau. Ka ba shi girman kujerarsa a gaban mutane, shawara kuma ka kai masa a keɓe.

Aikin dare ma ba zai zo maka da sauƙin da ka sani ba, jikin ɗan shekara 50 ba ya murmurewa kamar na ɗan 30. Kada ka rungumi ƙarin awoyi a watannin farko don cike giɓin kuɗi. Kafin ka sa hannu a takardar aiki, ka tambaya ko shekarunka na baya za su shiga lissafin matsayi da fansho, domin wasu kamfanonin daga sifili suke farawa da mai komawa. Amsar da aka ba ka, ka nemi a rubuta ta.