Anodaizin: kurakuran da ke cinye wa sababbin hannu aiki

Anodaizin shi ne gina wa alminiyum ɓawo mai tauri da wutar lantarki a cikin bahon asid, ɓawon da rini ke kamawa. Na gaji da ganin alminiyum ya fito daga baho yana farin gari kamar alli, mai shi kuma yana ta zagin asid. Zafin ruwan ne ya ɓata maka aiki.

A cikin ruwan asid na salfa, wuta tana gina ɓawon oksaid a jikin alminiyum, asid ɗin kuma yana cinsa a lokaci guda. Wannan cin shi ke buɗe ƙananan ramukan da rini ke shiga. A digiri 18 zuwa 22, ginin ya fi cin sauri. Da ruwan ya haura haka, ci ya rinjayi gini, ɓawon ya fito da taushi, ka goga yatsa ya biyo ka. Ita kanta wutar ɗumama ruwan take yi, balle wanda ya kafa bahonsa a rumfar kwano a Kano cikin watan Afrilu. Ni dai bahona a cikin wani babban baho mai ƙanƙara yake zama, ma'aunin zafi na ciki, kuma da asuba nake aiki.

Sai wayar da ke riƙe kaya tana kai musu wuta. Wuta ba ta ratsa oksaid, don haka idan wayar ta goce ta hau kan ɓawon, gini ya tsaya cak, ba za ka sani ba sai rini ya ƙi kamawa. Ka murɗe ta tamau. Kuma don Allah a daina tsoma wayar jan ƙarfe! Wani yaron shagona ya ɗaure kayan mutane da ita, wayar ta janye wutar tana narkewa, kayan suka fito yadda suka shiga, ruwan bahon ma sai da na sake haɗa sabo. Wayar alminiyum ko taitaniyum kawai ke shiga ruwana.

Kaya a kan fozitif suke, dalmar da ake tsomawa a bahon kuma a negatif. Bayan wanki da soda kada ka taɓa su da hannu, shatin yatsanka zai fito. Tukunyar da aka zuba da narkakken tarkace ba ta yin kyau, silikon da ke ciki toka-toka yake mai da ita. Wajen haɗa ruwan baho kuma, asid ake tsiyayawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Masu tafasa kaya kafin rini kuwa, kun toshe ramukan da kanku. Rini tukuna, sannan a tafasa kusan rabin awa a tataccen ruwan da masu batir ke saye. Na rijiya tabo yake bari.