Darasi na 7: Yadda ake raba tsohuwar Kombi da tsatsa

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. A darasin da ya wuce mun kwance kayan cikin motar kaf, gado da kabad da ɗan wurin wanke-wanke da tukunyar gas, yanzu ga ta nan sai ƙarfe zalla. To yau maganar tsatsa za mu yi, kuma ku gyara zama don nan ne aikin yake, gyaran inji wasa ne in aka haɗa shi da gyaran bodi.

Ga wanda bai zo wancan makon ba, motar da muke koyo a kanta ita ce Kombi ta kamfanin Volkswagen, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1950. Ta farkon gilashin gabanta biyu ne, a 1967 aka fito da mai gilashi ɗaya faffaɗa, Jamus ta daina yin wannan a 1979 amma a Brazil an ci gaba har 2013. Injinta a baya yake, a waɗannan na Jamus iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto. Kamfanin Westfalia ne ya yi suna wajen mayar da ita ɗaki mai tafiya, a sa mata gado da wurin girki, wasu har rufinsu ɗagawa yake. Dattawan cikinmu da suka je Legas a da sun san ta, irinta ce aka fara kira danfo. Kun ga duk wadda ta fito daga Jamus ta haura shekara 40 a duniya, ƙarfe kuwa ba ya wannan daɗewar bai gamu da tsatsa ba.

Abu 3 ke haɗuwa su haifi tsatsa, ƙarfe da ruwa da iska. In gishiri ya shigo sai abin ya ƙara sauri, shi ya sa motar da ta zauna a Turai inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko wadda ta daɗe a Legas tana shan iskar teku, ƙasanta kan ci fiye da wadda ta yi rayuwarta a nan Kano. Mu muna da sa'ar bushewar gari amma kar wannan ya ruɗe ku, ƙurar hunturu tana shiga cikin ƙofa da lungu-lungu ta toshe 'yan ramukan da aka yi don ruwa ya fita, damina na zuwa musamman watan Agusta sai ƙurar nan ta zama taɓo ta kwanta tana riƙe da laima sati da sati, daga ciki take ci, kafin ka ga fenti ya kumbura a waje ta riga ta gama ɓarna.

Ina take ɓuya? Ku duba indararon da ya zagaye rufi, da ƙarƙashin robar gilashin gaba, da matakin ƙofar direba, da gindin ƙofofi, da bakin tayoyi, da dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi daga gaba zuwa baya, da wurin sa jak. Wurin zaman batir a ɗakin inji kusan kullum a cinye yake saboda ruwan batir. Ita mai ɗakin kwana tana da ƙarin matsala, ruwan wanke-wanke kan yi yoyo a ƙarƙashin katako shekara da shekaru ba wanda ya gani, don haka a ɗaga katakon ƙasa duka a leƙa.

Kayan bincike ba tsada, sukundireba da ƙaramar guduma da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ma ya isa. Ka nannaɗe maganaɗisun da tsumma kar ya karce fenti, ka bi jikin motar da shi, inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki to an cika wurin da fila, wato ƙullun nan da masu bodi ke shafawa ya daskare. Sannan ka soka sukundireba duk inda ka ga kumburi, kar ka ji tausayi. Lokacin ina yaron shago na taɓa tsayawa ina lallaɓa wata ƙofa, maigidana ya ce kai me kake jira, na ce Oga ai hudawa zai yi, ya ce to da hannunka ya huda ta a nan da ta ɓurme da mutane a hanyar Zariya wanne ka zaɓa. Ban sake lallaɓa tsatsa ba.

Tsatsar sama-sama, wadda ta yi ja amma ƙarfen na nan da ƙarfinsa, ba ta da wuya. A goge da burushin waya ko giranda har sai ƙarfe ya yi fari yana ƙyalli, in akwai 'yan ramuka kamar zanzana a shafa maganin tsatsa, yawanci akwai sinadarin fosforik a ciki, za ku ga wurin ya koma baƙi, shi ke nan.

Amma wadda ta huda ko ta sa ƙarfe yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, wannan yanke ta ake yi, babu wata dabara. Na san abin da ake yi a wasu garejin, a cusa raga ko takarda ko gwangwani a ramin a lafta fila a fesa fenti, mota ta fito tana walƙiya mai ita yana murna, wallahi damina 1 ko 2 za ta tona asiri, don fila shan ruwa take kuma tsatsar da aka rufe ba barci take ba. Wannan ha'inci ne, mu ba shi muka zo koya ba.

Ga yadda ake yi. Ka zana layi da alli ka wuce iyakar tsatsar da kamar santimita 2 zuwa 3 har ka shiga lafiyayyen ƙarfe, ka yi layin miƙaƙƙe don facin ya yi sauƙin yankawa. Kafin ka sa giranda leƙa bayan wurin, akwai waya? akwai tiyon mai ko na birki? Ka yanke. Sai ka ɗora kwali a ramin ka fitar da siffarsa, ka kwafa a kan sabon farantin ƙarfe. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ku samu faranti, na jikin mota kaurinsa wajen milimita 1 ne, na wuraren da ke ɗaukar nauyi kamar wurin jak ya fi haka kauri, abin da ya fi shi ne ka tafi da guntun da ka yanko a gwada. Rufin wata matacciyar mota ma yana yin faci mai kyau. Kwanon rufin gida dai a'a, ya yi siriri kuma abin da aka shafe shi da shi in ya ji wuta hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Facin ya zauna baki da baki da tsohon ƙarfe, da 'yar tazara da ba ta wuce milimita 1 ba. In ka ɗora wani kan wani ka yi wa ruwa sabon ɗaki a tsakaninsu. Wajen walda kuma haƙuri ake so, ƙarfen siriri ne, in ka ja wuta a dogon layi zai lanƙwashe ya yi tudu da kwari, sai ka kwana kana bugu. Ɗigo-ɗigo ake yi, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, a bari ya huce, a dawo a sa wani a tsakani, a haka a haka har ɗigon su haɗe su zama layi. Waldar lantarki irin ta masu ƙofa da taga huda shi take yi. Masu bodi a nan sun fi amfani da ta gas, tana yi amma zafinta na bazuwa, wanda ya samu injin MIG, wato injin walda mai turo siririyar waya da kansa, ya huta. In dogon ƙarfen ƙasan ƙofa za ka canja, fara ɗaure bakin ƙofar da ƙarfe mai kusurwa kar motar ta saki jiki, kuma gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba ƙofa ta ƙi rufuwa ka rasa dalili.

Maganar tsaro, don Allah ku ja layi a ƙarƙashinta a littafinku. A cire kan batir. Tankin mai na Kombi yana baya kusa da inji, in aiki ya zo wajen a sauke shi gaba ɗaya a kai nesa, tankin da ba mai a ciki ma yana fashewa saboda tururin da ya rage. Bokitin yashi da na ruwa su kasance kusa, a sa yaro ɗaya ya tsaya ta ciki yana kallo. Baƙin gilashin gayu ba ya kare ido daga walda, a sa na aikin, a rufe hanci lokacin gurza tsohon fenti don wani akwai dalma a ciki. Madarar da ake sha bayan walda kuwa, ku sha don daɗi, ba ta wanke hayaƙi daga huhu.

In walda ta kammala a gurje ta a hankali ta yi daidai da jiki, a haska tocila ta baya, duk inda haske ya ɓullo a sake ɗiga masa. A goge da tina, wato ruwan tsinka fenti, a sa firaima, fentin farko mai kare ƙarfe, ciki da waje a ranar, ƙarfe tsirara ba ya kwana musamman da damina. Yanzu ne fila ke da amfani, shafi siriri da bai wuce milimita 3 ba don daidaita fuska kawai, a bi da samfefa lamba 80, sai 180, sai 320 kafin fenti. Cikin ƙofofi da lungunan da hannu ba ya kaiwa a fesa musu kakin hana tsatsa, wasu baƙin mai suke zubawa, yana ɗan taimakawa amma yana tara ƙura yana kuma cin roba. A ƙarshe a zura waya a buɗe ramukan fitar ruwan nan.

Aikin gida: kowa ya rubuta kalmomin nan sau 5 a littafinsa, tsatsa, ƙarfe, walda, faci, maganaɗisu, a kula da ƙugiyar ƙ da ta ɗ. Sannan ka samu mota ko Keke Napep ta wani na kusa, da izininsa, ka bi ta da maganaɗisu ka rubuta wurare 3 da ya saki. Ranar Asabar kowa ya zo da kwali da almakashi, za mu gwada fitar da siffar faci a ƙofar baya.