Yadda na gyara zobban sandar kamun kifina

Sau uku zaren fatsata yana tsinkewa cikin mako guda, na ƙarshen ma da kifi a bakin ƙugiya. Abin ya ci min rai sosai. Na sauya sabon zare, shi ma bai kwana biyu ba ya fara kurjewa. Nan na gane matsalar tana jikin zobban da zaren ke bi ta ciki.

Da tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da ɗan sabulu na goge kowane zobe, musamman gindinsa inda aka ɗaure shi da sandar, don a nan laka da gishiri suke maƙalewa har tsatsa ta kama ƙarfen.

Da suka bushe, na riƙa juya auduga a cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Duk ta wuce lafiya, sai a zoben ƙarshen sandar ta bar zare-zare a maƙale. Na ɗaga shi wajen haske, ga wata 'yar tsaga a tangaran ɗin da ke zagaye da cikin zoben, siririya kamar gashi amma da kaifin reza. Irin wannan sai dai a canja shi. Na ɗumama shi da ashana na daƙiƙa biyu zuwa uku kawai, don wuta tana lalata kan sandar. Gam ya saki, na zare shi da filaya, na manna sabo daidai girmansa, na daidaita shi da sauran kafin ya kama.

Yanzu duk dawowata daga kamun kifi sai na ɗauraye zobban na tsane da ƙyalle, kuma zaren bai sake tsinkewa ba.