Yadda Ake Gano Tarihin Kasuwar Gari Daga Rumfunanta

Wanda yake son rubuta tarihin kasuwar garinsu, musamman ɓangaren hatsi da kayan miya, ya kamata ya fara zuwa a ranar da kasuwar ba ta ci, domin a ranar kasuwa jama'a da buhuna sukan rufe ginin gaba ɗaya. Wudil tana ci ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, saboda haka washegari ne ake ganin rumfunansu a sarari. Kafin ya auna komai, ya je ya kwashi gaisuwa wajen dagaci da Sarkin Kasuwa, ya bayyana musu nufinsa, tun da baƙon da aka gani yana rubuce-rubuce a kasuwa akan ɗauke shi jami'in haraji ne.

Daga nan sai ya ɗaga kai ya dubi rufi. Rumfar da aka gina da tubalin ƙasa, aka yi mata rufin soro da azarar giginya, yawanci ba ta da faɗi, saboda azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tsakanin bango da bango ya wuce kimanin mita 2, sai an ƙara ginshiƙi ko an yi ɗaurin guga, wato rufin da ake ɗorawa a kan bakan gini. Kaurin bangon yana hana zafi shiga, azara kuwa gara ba ta cika cin ta ba, shi ya sa irin wannan gini ya dace da ajiyar gero da dawa. Jerin rumfunan bulo masu rufin kwano, girmansu ɗaya kuma da lamba a jikinsu, galibi aikin hukuma ne, ko na En'e, wato hukumar gargajiya ta zamanin da, ko na ƙaramar hukuma bayan garambawul ɗin 1976. Sai dai ya lura da gindin bango, domin sau da yawa sabon kwano a kan tsohon gini yake zaune.

Rumfar kara da zana ita ce mai ruɗi. Duk shekara bayan girbi ake sabunta ta, amma wurin da take yana iya girmar kowane gini a kasuwar, musamman idan a ƙarƙashin tsamiya ko kuka take. Inuwar darbejiya ba ta kai su shekaru ba, tun da a zamanin Turawa aka kawo itacen ƙasar nan. A ganina, nan ne masu bincike suka fi yin gaggawa, suna haɗa shekarun kasuwa da shekarun gininta. Kasuwar Kurmi ta birnin Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, aka kafa ta, amma rumfunan da ake gani a cikinta yanzu ba na wancan zamani ba ne.

Wajen tantance shekaru, kada ya tambayi dattijo shekarar da aka yi gini. Ya ce, "Baba, da aka yi wannan rumfa, an fara kashe naira ko ana kan fam da sule?" Da irin waɗannan abubuwa da aka san shekararsu ake auna amsarsa: naira ta fito a 1973, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, an kuma ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Duk amsar da ya samu ya kai ta ga Sarkin Pawa da tsofaffin ma'auna da magina, kowa shi kaɗai, kuma idan suka saɓa ya rubuta kowace ruwaya tare da sana'ar wanda ya ba da ita.