Yadda ake ɗumama ruwan kwamin ninkaya da itace a lokacin hunturu

Duk mai kwamin ninkaya a bayan gidansa a Zariya ya san daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu kwamin na kallo ne kawai. Rana ta fito, jiki ya ɗan sake, amma kana tsoma ƙafa sai ka ji kamar ruwan randar da ta kwana a tsakar gida. Hitar lantarki kuwa sai ta cinye kuɗin mita kafin ruwan ya ji a jikinsa. Itace ya fi sauƙi, in an bi shi a hankali.

Fara da lissafi, don kada ka sa rai da abin da ba zai yiwu ba. Kwami mai cin lita 10,000 yana buƙatar wajen kilowat-awa 11.6 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri 1. Kilo guda na busasshen itace yana ba da kusan kilowat-awa 4, rabin wannan kuma hayaƙi ne zai tafi da shi. Ke nan kilo 6 ga kowane digiri. Daga digiri 20 zuwa 26, inda yara za su shiga ba makyarkyata, sai ka tanadi kilo 35 zuwa 40, da haƙurin yini guda ko biyu.

Kayan aikin ba su da yawa: duron ƙarfe mai lita 200, naɗi guda na bututun jan ƙarfe rabin inci (mita 15 ne, masu sayar da kayan firji da AC a Sabon Gari suna da shi), ƙaramin injin tura ruwa, tiyo, da bututun hayaƙi. In duron ya taɓa ɗaukar fetur, a wanke shi, a cika shi da ruwa kafin mai walda ya taɓa shi.

Naɗa bututun shi ne wurin da ake ɓata kuɗi. Jan ƙarfe yana da laushi, kana lanƙwasa shi da gaggawa sai ya lotse, ruwa ya daina wucewa. Toshe baki ɗaya, ka ɗura busasshen yashi mai laushi har ya cika, kana bubbuga shi don ya zauna, sannan ka toshe ɗayan. Sai ka naɗa shi a jikin tukunyar gas wadda babu komai ciki, zobe bisa zobe, kana barin tazarar yatsa biyu don harshen wuta ya ratsa. Zazzage yashin, ka wanke cikin da ruwa.

Mai walda zai yanka ƙofar itace a ƙasan duron, ya sa raga ta rodi don toka ta zuba iska ta shiga, ya rataya naɗin a sama da wurin wuta, ya kafa bututun hayaƙi. Ruwan sanyin da injin ke turowa daga kwami ta ƙasan naɗin yake shiga, mai ɗumi ya fita ta sama ya koma kwami. Bar aƙalla mita 1 na bututun ƙarfe a waje kafin ka haɗa tiyo ko roba, in ba haka ba za su narke. Ɗora duron kan bulo, nesa da katangar maƙwabci da igiyar shanya.

Ga ƙa'idar da ba a wasa da ita: a kunna injin kafin a hura wuta, ba a kashe shi sai garwashi ya mutu, kuma ba a sa makulli a bututun fita. Ruwan da ya tsaya cikin wuta tururi yake komawa. Ni na gani da idona ranar da aka ɗauke wuta ina tsaka da aiki. Ba a yi minti biyu ba bututun ya fara ƙara kamar ana buga shi da guduma, tiyon ya fizge, tururi ya yi feshi. Allah ya tsare babu yaro kusa. Tun ranar ba na hura wuta sai janareta na gefe, da shebur da bokitin yashi don kashe ta.

Sa hannu a ruwan da ke fitowa. Ɗumi-ɗumi ake so. In yana ƙuna, gudun ruwan ya yi kaɗan.

Marke da ƙirya suna daɗewa suna ci, totuwar masara kuma, da take tuli a ƙauyukan Giwa da Soba bayan kaka, tana da kyau wajen tayar da wuta. Ɗanyen itace da katako mai fenti hayaƙi ne kawai da rigima da maƙwabta. Riƙe awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6, don ruwa mai tsami yana cin jan ƙarfe, ya bar kore a bangon kwami.

Da magariba kuma ka shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri a kan ruwan, ta kwanta a fuskarsa. Busasshiyar iskar hunturu da ke fasa leɓe ita ce ke kwashe ɗumin, in ka bar kwamin a buɗe, itacen da ka ƙona yau gobe da asuba babu alamarsa.